Layin Wataynikaneyap: yadda al'ummomi 24 na 'yan asalin Kanada suka mallaki wutar da ta kai garuruwansu

A arewa maso yammacin lardin Ontario na ƙasar Kanada akwai garuruwan da har yau babu titin mota da ya kai gare su. Daji ne mai duhu, tafkuna ba iyaka, da dausayin da ƙafa ke nutsewa a ciki. Mazauna wurin su ne al'ummomin asali, Ojibwe da Oji-Cree da Cree, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Hanyar shiga biyu ce kawai. Ko dai ƙaramin jirgin sama, ko kuma a jira tsakiyar hunturu, lokacin da tafkuna suka daskare har ƙanƙarar ta yi kaurin ɗaukar tirela, sai a share hanya a kanta. Makonni kaɗan wannan hanya take yi kafin ta narke, kuma a cikinsu ne ake shigo da kayan gini da abinci da man dizal na shekara guda.

Kafin a ja layin Wataynikaneyap, wanda ya jona yawancinsu da babban layin wuta na lardin, dizal ɗin shi ne rayuwar garin, domin kowane gari da tashar janaretocinsa ya dogara. Wanda ya taɓa riƙe shago da janareta ya san lissafin: kuɗin mai, hayaƙi, ƙara, da fargabar ranar da inji zai tsaya. To a ɗora wannan a kan gari sukutum, a wurin da sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifili. Idan hanyar ƙanƙara ta narke da wuri, sai a ɗauko man a jirgin sama. An ƙiyasta cewa samar da wuta ta wannan hanya yana cin ninki uku zuwa goma na abin da ake kashewa a kudancin lardin.

Amma ba tsadar ce ta fi cutar da mutane ba. Kowace tasha tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, kuma da zarar gari ya kusa kai wannan iyaka sai a dakatar da jona sababbin gidaje. Ke nan ko an samu kuɗin gini ba za a gina ba, ko kuma a gina a bar gidan a rufe. Jama'a na ƙaruwa, gidaje ba sa ƙaruwa, sai kaka da 'ya'ya da jikoki su cunkushe a gida ɗaya. A Pikangikum, garin da ke da fiye da mutum 2,000 a arewacin Red Lake, a lokacin mafi yawan gidaje ba su da ruwan famfo, wuta kuma na yawan ɗaukewa har a tashi makaranta. A watan Maris na 2016 gobara ta kashe mutum tara 'yan gida ɗaya a garin, har da ƙananan yara uku, abin da ya sa ƙasar ta ɗan waiwayi halin da gidajen wurin suke ciki.

Tsohon miki

Duk wanda zai fahimci dalilin da ya sa shugabannin waɗannan al'ummomi suka kafe a kan mallaka, sai ya koma 1929. A shekarar aka kammala madatsar ruwa a Ear Falls, a bakin tafkin Lac Seul, domin a tara ruwan da zai juya injinan wuta, musamman don amfanin birnin Winnipeg. Ruwa ya tashi kimanin mita 3, ya cinye eka sama da 11,000 na keɓaɓɓen yankin al'ummar Lac Seul, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mafi kyawun ƙasarsu. Gidaje da lambuna da fadamun shinkafar daji da maƙabartu duk suka tafi. Ba a nemi amincewarsu ba. Ɗan abin da aka biya a matsayin diyya sai a 1943 ya fito, kuma bai taka kara ya karya ba. Su kansu mutanen Lac Seul ba su ga wutar lantarki a gidajensu ba sai wajen shekarun 1980. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shari'ar wannan ta'asa ta ja har ƙarni ya juya. A 2017 kotun tarayya ta yanke diyyar dala miliyan 30 ta Kanada, tana lissafa ƙasar kamar daji ne kawai aka ƙwace. A watan Yulin 2021 Kotun Ƙoli ta ce lissafin bai yi ba, dole a duba darajar da ƙasar take da ita ga aikin samar da wuta, tunda don shi aka nutsar da ita. Al'ummar Mishkeegogamang ma ta sha irin wannan a shekarun 1930, lokacin da aka datse tafkin St. Joseph ruwa ya tone kaburbura. Lac Seul da Mishkeegogamang duk suna cikin masu layin da muke magana a kai. Ga mutanen da suka gaji wannan tarihi, “makamashi mai tsafta” ba sabon labari ba ne. Sun taɓa ganinsa, kuma da ambaliya ya zo musu.

Yadda aka ƙulla

A 2008 shugabannin wasu al'ummomi 13 suka kafa kwamitin da zai binciki yadda za a jona garuruwansu da babban layin wuta na lardin. Shekarar tana da abin lura. A watan Yuninta ne firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa kan makarantun kwana da aka riƙa tilasta wa 'ya'yan 'yan asali shiga, inda aka raba yara kusan 150,000 da iyayensu da harshensu. A watan Maris na wannan shekara kuma wata kotu a Ontario ta ɗaure shugabanni shida na Kitchenuhmaykoosib Inninuwug, har da shugaban al'ummar Donny Morris, saboda sun hana kamfanin Platinex haƙar gwaji a ƙasarsu. An sake su bayan ɗaukaka ƙara, daga baya kuma lardin ya biya kamfanin dala miliyan 5 ya janye. Hukuma ɗaya tana neman gafara, wata tana ɗaure mutane, duk a cikin wata uku.

Mahaƙar zinariya ta Musselwhite, wadda a lokacin take hannun kamfanin Goldcorp, ita ma tana fama da ƙarancin wuta, don haka kamfanin ya taimaka da kuɗin binciken farko, daga baya ya janye. A 2015 al'ummomin, da suka kai 20 a lokacin, suka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin FortisOntario da RES Canada. Daga baya Fortis, babban kamfanin wuta mai hedikwata a St. John's, ya sayi kason RES. A 2016 gwamnatin Ontario ta ayyana kamfanin haɗin gwiwar, Wataynikaneyap Power, a matsayin wanda zai gina layin. Zuwa 2019 al'ummomin sun cika 24. Su ke da kashi 51 cikin 100, a raba daidai tsakaninsu ba tare da duba girman gari ba, Fortis da sauran masu zuba jari kuma suna da 49. A yarjejeniyar an bar musu ƙofar sayen ragowar, su mallaki kamfanin ɗungurungum bayan shekara 25.

Shekara goma sha ɗaya ke nan daga kafa kwamiti zuwa fara babban aikin, kuma mafi yawan lokacin a kan tattaunawa ya tafi. Al'ummomin nan ba ƙasa ɗaya ba ce mai shugaba ɗaya. Kowacce da shugabanta da majalisarta da ake zaɓa, suna ƙarƙashin yarjejeniyoyi daban-daban da kakanninsu suka sa wa hannu da masarautar Ingila, ta 3 da ta 5 da ta 9, kuma kowane zaɓe na iya kawo sabon shugaban da sai an sake yi masa bayani daga farko. Wadda ta riƙe ragamar a mafi yawan wannan tafiya ita ce Margaret Kenequanash, 'yar North Caribou Lake, mace ta farko da ta shugabanci al'ummarta, wadda ta zama shugabar kamfanin a 2017.

Tun kafin a kafa turke ko ɗaya, dattawa da shugabanni suka gindaya sharuɗɗan da kowane abokin hulɗa zai bi. A ciki akwai cewa aikin ba zai taɓa haƙƙoƙin yarjejeniyoyinsu ba, za a kiyaye wuraren farauta da na tarko da na ibada, kuma ba za a fesa maganin kashe ciyawa a ƙarƙashin layin ba muddin yana aiki. Wannan na ƙarshe yana iya zama kamar ƙaramin abu, amma kamfanonin wuta da feshi suka saba share hanyar layi domin ya fi araha. A nan sai dai a sare da hannu ko da inji, a kan nisan kilomita 1,800, saboda mutane suna cin 'ya'yan itatuwan wurin da naman dabbobin da ke kiwo a wurin. Mai kashi 10 zai iya roƙon a yi masa haka. Mai kashi 51 kuwa umarni yake bayarwa.

Ina aka samo kuɗin?

A nan ne gizo ke saƙa, domin garuruwan da ba su da ruwan famfo ba su da ɗaruruwan miliyoyin da za su zuba a jari. Akwai kuma shinge na doka. Dokar Indiyawa ta 1876 (sunan da Turawa suka laƙaba wa 'yan asali ke nan), wadda har yanzu tana aiki, ta bar ƙasar keɓaɓɓun yankuna a hannun gwamnati a matsayin amana, kuma sashe na 89 ya hana wanda ba ɗan asali ba ƙwace dukiyar da ke cikin yankin saboda bashi. An yi shi da sunan kariya, amma sakamakonsa shi ne banki ba ya karɓar ƙasar a matsayin jingina. Mutum yana zaune a kan ƙasar kakanninsa amma ba zai iya cin bashi da ita ba. Shekaru da dama wannan ne ya sa duk wani babban aiki a ƙasar 'yan asali yake zama na wasu, su kuma a ba su guraben leburanci da 'yar diyya.

Abin da ya buɗe ƙofar shi ne shirin da Ontario ta kafa a 2009 na tsaya wa al'ummomin asali idan za su ci bashin sayen hannun jari a ayyukan wuta. Gwamnati ba ta ba da kuɗin, lamuni kawai take yi: idan sun kasa biya, ita za ta biya. Da wannan lamuni al'ummomin 24 suka ranto kasonsu. Kuɗin ginin kuwa, kimanin dala biliyan 1.9, ya fito ne daga rancen lardin na sama da biliyan 1.3 da kuma rancen bankuna, sannan gwamnatin tarayya ta yi alkawarin biliyan 1.6 a watan Maris na 2018.

Me ya sa masu ba da bashi suka yarda? Saboda layin dakon wuta kasuwanci ne da ba shi da abokin gasa, kuma hukumar makamashi ta Ontario ce ke yanke abin da zai samu kowace shekara, har da ribar masu jari, wadda take kai-kawo a kusa da kashi 9 cikin 100. Kuɗin yana fitowa ne daga takardar biyan wuta ta miliyoyin mazauna lardin. Kuɗi ne da za a iya lissafa shi shekaru masu yawa a gaba, don haka daga cikinsa ake biyan bashin, abin da ya rage ya je garuruwan. Ma'ana a shekarun farko mafi yawan ribar masu bashi ne ke kwashe ta. Duk wanda ya zaci garuruwan sun yi arziki dare ɗaya ya yi kuskure.

Ita ma gwamnati ba don Allah da Annabi ta buɗe baitulmali ba. Gwamnatin tarayya da ke Ottawa ce ke sayen janaretocin nan da faɗaɗa tashoshinsu, masu biyan kuɗin wuta a Ontario kuma su ke cike giɓin kuɗin dizal ta wani tallafi da ake cirewa a takardarsu. A 2014 hukumar tsara wutar lardin ta yi lissafi ta gano cewa daga cikin garuruwa 25 na 'yan asali da ke kan dizal, jona 21 da babban layi ya fi araha idan aka duba shekara 40, har a rage kusan dala biliyan 1. A ganina wannan lissafi ya fi duk wani jawabin sulhu tasiri. Ba aibi ba ne a ce adalci ya dace da tsimi, kuma shugabannin sun yi basira da suka riƙe wannan hujja suka shiga ofisoshi da ita. Sai dai ya kamata a faɗi abin da sunansa, domin garuruwan da lissafin bai biya da su ba an bar su a inda suke.

Rahoton Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta binciki makarantun kwanan nan, ya fito a 2015 da shawarwari 94, kuma ta 92 ta nemi kamfanoni su nemi amincewar 'yan asali kafin su fara aiki a ƙasarsu, su kuma tabbatar sun samu riba mai ɗorewa. Ana yawan kafa misali da wannan layi a matsayin amsar wannan kira. Amma shugabannin sun riga rahoton da shekara bakwai. Abin da rahoton ya yi shi ne ya sa ƙin amsa musu ya zama abin kunya.

Gini

Pikangikum aka fara kai wa saboda halin da take ciki. An ja layi mai tsawon kilomita 117 daga Red Lake, aka kunna a watan Disambar 2018. Babban aikin kuma kamfanin Valard aka ba, ya fara bayan kammala batun kuɗi a ƙarshen 2019, sai ga annobar korona. Garuruwan da ba su da asibiti sun rufe ƙofofinsu, kuma da yake su ne masu kamfanin, babu mai tilasta musu buɗewa. A bazarar 2021 gobarar daji ta sake tsayar da aiki. An riƙa kai turaku da jirgi mai saukar ungulu, ana aikin dausayi a hunturu lokacin da ƙasa ta daskare. A watan Agustan 2022 aka kunna kashin bayan layin, kilomita 300 daga Dinorwic zuwa Pickle Lake, sai North Caribou Lake da Kingfisher Lake suka biyo baya kafin ƙarshen shekarar, sauran kuma ɗaya bayan ɗaya. An kammala ginin a 2024: kilomita 1,800, tashoshin rarraba wuta 22, domin garuruwa 17 masu mutum fiye da 14,000. Al'ummomin sun kafa wani kamfani nasu na kansu, Opiikapawiin, wanda ya horar da matasansu, kuma ɗaruruwa daga cikinsu sun yi aiki a ginin.

Abin da ya canza, da wanda bai canza ba

An ɗage takunkumin jona gidaje, kuma wannan shi ne babban abu. Ana iya gina gida a kunna masa wuta, a faɗaɗa makaranta, a sa injin tace ruwa ba tare da tsoron ya durƙusar da garin ba. Kamfanin ya ƙiyasta cewa a shekara 40 za a kauce wa fitar da tan miliyan 6.6 na iskar da ke ɗumama duniya. Dogaro da hanyar ƙanƙara don mai ya ragu a daidai lokacin da hanyar take ƙara zama abin da ba a yarda da shi: a watan Fabrairun 2024 shugabannin Nishnawbe Aski, ƙungiyar al'ummomi 49 na arewacin lardin, sun ayyana dokar ta-ɓaci saboda hunturu ya yi ɗumi hanyoyin sun ƙi daskarewa.

Layin kansa ba ya samar da wuta, dako kawai yake yi. Tsaftarsa daga tsaftar wutar Ontario take, wadda ta daina ƙona kwal a 2014, kusan rabinta daga nukiliya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga madatsun ruwa, ko da yake kason iskar gas yana ƙaruwa a 'yan shekarun nan. Wutar da ke zuwa Red Lake ta wuce Pikangikum ta Ear Falls take bi, wurin da aka nutsar da Lac Seul. Janaretocin ma ba a jefar da su duka ba, an bar da yawa a matsayin madogara, domin layi ɗaya ne ya ratsa dajin da gobara ke ci kowace bazara. Masu cewa da hasken rana aka sa wa kowane gari suna da hujja, amma a Gull Bay, inda aka haɗa faifan sola da batura a 2019, abin da aka yi hasashen ragewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na dizal. Rana gajeruwa ce a hunturun arewa, lokacin da aka fi bukatar wutar.

Akwai kuma abin da aka sadaukar. Wasu garuruwan suna da ƙananan hukumomin wuta nasu da suke gudanarwa da kansu, kuma sharaɗin jona su shi ne su miƙa rarraba wutar cikin gari ga Hydro One Remote Communities, reshen babban kamfanin lardin. Farashi ya daidaita, an gyara wayoyi, amma wani ɗan iko da ke hannu ya fita. Sun mallaki babban layi, sun saki ƙaramin.

Tasirin aikin ya wuce garuruwan. A watan Satumbar 2022 Hydro One ya sanar cewa duk sabon babban layin da zai gina wanda ya haura dala miliyan 100, zai ba al'ummomin asali damar sayen rabinsa. A kasafin 2024 gwamnatin tarayya ta kafa nata shirin lamuni na dala biliyan 5. Abin da a 2008 ake ɗauka mafarki ya zama mafarin ciniki.

Sai dai kada a ɗauka hannun jari ya sayi amincewa. Gabas da yankin layin akwai wurin da ake kira Ring of Fire, mai arzikin kuromayit, da kuma nikel da tagulla, irin ma'adinan da masu ƙera baturan motocin lantarki ke nema. Shi ma da sunan makamashi mai tsafta ake tallata shi. Al'ummar Neskantaga, da ke kusa da wurin, tun watan Fabrairun 1995 aka umarci mutanenta su tafasa ruwa kafin su sha, kuma layin Wataynikaneyap bai kai ta ba. A 2023 ta haɗa kai da Grassy Narrows da wasu al'ummomi uku daga cikin masu layin, Kitchenuhmaykoosib Inninuwug da Wapekeka da Muskrat Dam, domin hana haƙar ma'adinai a ƙasarsu ba da yardarsu ba. A watan Yunin 2025 gwamnatin Ontario ƙarƙashin Doug Ford ta zartar da dokar da ta ba ta ikon keɓe wasu yankuna ta jingine dokokin lardi a cikinsu don ayyuka su yi sauri, kuma ta ambaci Ring of Fire a matsayin inda take son farawa. Wata guda bayan haka al'ummomi tara suka kai ƙara kotu suna neman a soke dokar. A cikinsu akwai Kitchenuhmaykoosib Inninuwug, wadda aka jona da layin a ƙarshen 2023, kuma lardin da take ƙara shi ne ya tsaya mata ta ci bashin hannun jarinta.